Ranar da Ƙanƙara Ta Nome Mini Gona

Ko da tsufa zai zo ya kwashe duk abin da ke kaina, ya bar ni ina tambayar mutane hanyar gidana, akwai rana guda da na tabbata ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da ƙanƙara ta nome mini gona. Na san wani zai ce ga shi nan ya fara, domin mutanen garinmu sun daɗe da yanke hukunci cewa duk labarin da ya fito daga bakina sai an sheƙe shi kafin a auna. To, a sheƙe. Amma wannan dai akwai shaidu, kuma yawancinsu suna nan da ransu, sai dai furfura.

Ƙauyenmu yana gaba da Minjibir kaɗan, a irin wurin nan da gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. A shekarar da nake magana ban daɗe da aure ba. Baba ya rasu ya bar mini gona guda ta gero da dawa, kuma a cikinta ni da Inna da amaryata za mu ci har shekara ta zagayo. Damina ta faɗi da kyau, muka yi shuka, tsiro ya fito gwanin sha'awa. Ranar da na shiga noman fari, ina noma ina ba maƙwabcina labari ta kan iyaka, sai fartanya ta bar ciyawa ta sami ƙafata. Kafin gari ya waye ƙafar ta zama tulu. Na kwanta ina shan magani, ciyawa kuwa tana shan ruwan sama.

Ranar da na iya dogara sanda na je na duba, sai da na nemi wuri na zauna. Harƙiya ta yi wa geron rumfa. Sai ka sunkuya ka buɗa da hannu kafin ka ga tsiron a ƙasa, ya yi ɗorawa-ɗorawa, siriri kamar tsinken sakace. Duk manomi ya san gero ba ya yafe jinkirin noman fari. In aka ƙara mako guda a haka, shi ke nan, rumbuna zai kwana da iska a ciki, ni kuma in ɗauki jaka in tafi ci-rani in bar tsohuwa da amarya suna kallon juna. Ba ni da halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Abu guda ya rage, gayya.

Don yaran yanzu, bari in yi bayani. Gayya ita ce ka kai wa sarkin gayya goro, shi kuma ya tara samarin gari su zo da fartanyoyinsu da mai gangar noma, su taru a gonarka su yi maka aikin da zai ɗauke ka wata a yini guda. Ba a biyan kowa. Naka shi ne ka ciyar da su abin da za su tafi suna labari. Matsalar ita ce rana ɗaya tak samarin ke da ita a mako, sauran ranakun suna gandun iyayensu. Saboda haka wanda ya sami ranar ya samu, wanda ya rasa sai wani makon.

Bayan la'asar na ɗingisa zuwa gindin tsamiyar da ake zama, goro a aljihu. Ina isa na tarar da taubashina, ɗan kawuna, ya riga ni, shi ma da nasa goron a hannu. Ni da shi tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Gonarsa ba ta kai tawa lalacewa ba, ko kusa, amma ya fi ni abin hannu, kuma ya fi ni son a ce shi ne.

"Bawana, kai ma gayyar za ka kira?" in ji shi. "Da me za ka ciyar da su? Da labari?"

Aka yi dariya. Na ce masa ai labarina ya fi tuwon gidansa gishiri.

"To su ci labari a wurinka," ya ce. "Ni bunsuru zan kayar. Kun san shi, baƙin nan mai gemu, wanda in yana tafiya ƙasa take amsawa."

Na ga samarin sun fara haɗiyar yawu. Na ga sarkin gayya, wani dogon mutum marar yawan magana, ya fara miƙa hannu wajen goron taubashina. Sai bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba kafin ya yi aiki, ya buɗe da kansa ya ce, "Ni kuwa fura za su sha da ƙanƙara. A tsakiyar gona. Irin wadda alhazan birni ke sha."

Wurin ya yi tsit, har da ni.

Dole mai karatu ya fahimci yadda ƙanƙara take a wurinmu a lokacin. Ba mu da wutar lantarki, ba mu da labarinta. Ruwan sanyinmu shi ne na randa, kuma muna ganin duniya ta ƙare a nan. Wanda ya taɓa shan abu mai ƙanƙara a cikinmu, to ya je birni ne dubiya ko rakiyar alhaji, kuma in ya dawo sai ya yi wata guda yana bayar da labari, yana nuna daidai inda sanyin ya bi a ƙirjinsa. A sha ta a gona, ana zufa, da ƙasa a ƙafa? Wannan ko a mafarki mutum ya gani, in ya farka sai ya yi istigfari don ya yi zari.

Sarkin gayya ya dube ni ya dubi ƙafata. Sannan ya karɓi goron biyu duka, ya yanke hukunci.

"Gonarka ta fi ciwo, da ita za mu fara," ya ce da ni. "Amma in rana ta take tsaka, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ba mu ga ƙanƙara ba, za mu saɓa fartanya mu tafi wajen bunsuru. Kuma mai ganga zai raka mu da sunanka."

Na san abin da wannan ke nufi. Gonata aikin yini ce cur. In suka tashi da rana tsaka, rabin geron ya tafi, sannan a yi shekaru ana rera ni a kowace gona.

Da na koma gida na faɗa, amaryata ta shige ɗaki, ina jin ta tana dariya a cikin filo. Inna kuwa ta daɗe tana kallona, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ta riga ta sallama.

"Wato ƙafar ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da baki," ta ce. "To je ka nemo ƙanƙararka. Fura dai mu za mu daka, ba za a ce gidan nan ya gaza a wannan ba."

Na kama zabina na sayar. Ranar gayya, ana idar da sallar asuba na zura babbar rigata ta angonci, domin ba a shiga birni da kayan gona, na hau acaɓa zuwa Minjibir. A raina ina cewa a nan zan samu in juyo tun da hantsi. Ina fa. Wuta ta yi doguwar tafiya ba ta bar sallahu ba. Mai shagon da aka nuna mini ya buɗe firjinsa don in gani da idona, sai ga shi ya mayar da shi ma'ajiyar sabulu da ashana. Ya ce in ba Kano ba, ba inda zan samu. Na faɗa bas.

A birni, bayan na sha tambaya, aka kai ni wani lungu a bayan kasuwa inda inji ke ta ruri, ana fito da ƙanƙara dunƙule-dunƙule. Na zaɓi guda, ƙatuwa kamar turmi a kwance, fara tas, tana fitar da hayaƙi kamar tana fushi. Mai sayarwar, wani kakkauran mutum da tawul a wuya, ya tambaye ni inda za ni. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ɗauko buhun algarara, ya zuba dusar katako a ciki, ya kwantar da ƙanƙarar, ya ƙara dusa har ta rufe ta ruf, ya saka a wani buhun, ya ɗaure tamau.

"Malam, ka ji ni da kyau," ya ce. "Kada ka buɗe ta sai ka isa. Ko sallama ka ji tana yi maka daga ciki, kada ka amsa."

Na ce masa in sha Allahu. Kuma har ga Allah da niyyar cikawa na faɗa.

Bas ɗin komowa ta cika har ƙofa ba ta rufuwa sai kwandasta ya sa gwiwa. Na sami gefen taga, na rungume buhun a cinya. Kusa da ni wani dattijo ne mai farin gemu da carbi, irin wanda in ya ce maka yau Talata ce ba za ka duba ba. A bayanmu wata baba ce mai kwandunan kayan miya. Ba mu fita gari sosai ba dattijon ya taɓa buhun da yatsa.

"Samari, me ka ƙunshe haka kamar jariri?"

Na faɗa masa, da ɗan alfahari, na kuma ƙara da labarin gayya da bunsuru, domin ni ba a tambayata abu guda in tsaya a kansa. Kafin in gama duk motar ta shigo maganar.

Dattijon ya gyara zama. "Yanzu kai abu mai sanyi ka rufe da buhu biyu a wannan zafin? Kai in aka lulluɓe ka da bargo yanzu, sanyi za ka ji ko zufa?"

Na ce zufa, Baba, amma mai ita ya ce kada in buɗe.

"Ai dole ya ce haka. Ta narke ka koma ka sayi wata."

Sai baba mai kayan miya ta leƙo ta kan kafaɗata. "Ɗan nan, ni dai tun ina yarinya in na rufe tuwo da zane, don kada ya huce nake yi. Rufi zafi yake riƙewa. Dafa ta kake yi a hankali."

Wannan magana ita ta karya ni. Na duba ta gabas na duba ta yamma, ban ga inda ta ɓace ba. Kwandasta ma ya sa baki ya ce shi shekararsa nawa a mota, duk abin da ake so ya huce taga ake kai shi ya sha iska. Na shafa buhun, na ji bayansa da ɗumi, ga danshi ya fara fitowa. Zuciyata ta ce ka ga, ta fara dahuwa. Yau in na tuna sai in ce, mota guda cike da manya masu hankali, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ɗaukar ƙanƙara daga nan zuwa can. Tun daga ranar, in mai sana'a ya ba ni umarni a kan kayansa, ba na kai shi gaban 'yan bas su yi masa shari'a.

Na kwance buhun. Kwandasta ya taya ni muka kakkaɓe dusar ta taga, har da buhunan ya karɓa ya shimfiɗa a ƙasa don kada ruwa ya ɓata masa mota. Na ɗaga ƙanƙarar tsirara na kara ta a taga tana shan iska.

Ta sha kuwa. Iskar ma ta sha ta. Ruwa ya fara bin hannuna yana gangarawa ta hammata har cikin wando. Kafin a jima mutanen kujerar baya sun ɗage ƙafafu. Sannan aka fara ziyara. Dattijon ya ce bari ya ɗan sa albarka, ya manna hankicinsa ya goge wuya. Wata mai goyo ta roƙa a shafa wa jaririnta a goshi. Direba ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba ya ce a ba shi ya ji. Ni kuwa ina kallo turmina ya zama tulu, tulu ya zama ƙwarya. Hannuwana sun mutu da sanyi.

Abin mamaki, yayin da take ƙanƙancewa sai masu shawara suka fara ƙarewa. Dattijon ya koma jan carbi da sauri yana kallon gonakin bakin hanya kamar bai taɓa ganin dawa ba. Kwandasta ya tuna yana da aiki a bakin ƙofa. Baba mai kayan miya ce kaɗai ta yi ta maza. Ta miƙo hannu ta dafa ni.

"Ɗan nan, na cuce ka. Ashe zanen da ke hana zafi fita shi ne ke hana shi shiga. Rufe ta, maza."

Da me? Dusa tana can a kan titi, buhuna sun jiƙe sharkaf ana tattaka su. Na dubi babbar rigata ta angonci, mai aiki har ciki, wadda ban gama jin daɗinta ba. Na tuɓe ta a tsakiyar mota na naɗe abin da ya rage, na zauna daga ni sai singileti.

Muna isa Minjibir babar nan ta ja ni bayan tasha, wani gida da ta sani inda mata ke sussuka. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce su ba mu ƙaiƙayi. Muka shimfiɗa rigar, muka tula ƙaiƙayi, muka binne ƙanƙarar a tsakiya, muka ƙulle kamar ƙunshin goro. Matan suna ta kallon wannan mutum mai sanda, ba riga, wando jiƙe, yana lallaɓa ƙunshi yana yi masa addu'a. Har na bar gidan ban ji tabarya ta sake sauka ba. Babar ta ce Allah ya kai ka da rabonka. Ban sake ganinta ba har yau, amma duk inda take, Allah ya saka mata.

Na ɗaga kai na dubi rana, na ga ta kusa tsayawa. A lokacin babu waya a aljihun kowa, balle in kira in ce ku dakata ga ni nan a hanya. Wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai an gan shi. Na haye acaɓa na ce da mai babur ya manta yana da iyali. Ya kuwa manta. Muka yi ta tsalle a kan kwazazzabai, ƙaiƙayi yana shiga mini singileti yana cizo, har muka iso kwarin da ke gaban garinmu, inda ruwan sama ya kwanta. Babur ya shiga da ƙarfinsa, ya yi tari, ya mutu a tsakiya.

A nan ne na jiyo gangar. Duk ɗan ƙauye ya san bambancin kiɗan noma da kiɗan tashi. Na tashi ake yi.

Ban san lokacin da na yar da sandar ba. Ƙafar da ta yi makonni tana yi mini mulki, ranar ta gane wane ne mai gida. Na ratsa gonakin mutane a guje, ina tsallake kuyya bibbiyu, ƙunshi a ƙirji. Waɗanda suka gan ni sun ce ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, amma wannan ƙari ne irin na mutane, ni dai na san ta taɓa sau ɗaya ko biyu.

Na ɓullo ta bayan ɗorawar da ke iyakar gonata daidai sun fito bakin hanya, fartanyoyi a kafaɗa. Rabin gonar ya yi fes, gero ya fito yana numfashi, ɗaya rabin kuwa har yanzu daji ne. Taubashina da kansa ya zo tafiya da su, yana gaba yana sakace tun bai ci ba. Na so in yi magana, numfashi ya hana. Sai kawai na durƙusa a gaban sarkin gayya na ajiye ƙunshin.

Aka zagaye ni. Na kwance rigar, na tona ƙaiƙayi. Ga ta nan. Ta dawo kamar ɗan madaidaicin goran duma, duk ƙaiƙayi ya manne mata, amma tana nan da ranta, tana hayaƙinta.

Taubashina ya sunkuya ya duba. "Bawana, wannan ce za ta shayar da gari? Ko dai 'yarta ce, uwar tana tafe?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara gyara fartanya a kafaɗa. Sarkin gayya ya ce, "An ce fura da ƙanƙara. Ga ƙanƙara. A kawo fura mu ji."

Ni kaina na san wannan 'yar aba ba za ta sanyaya furar mutum masu yawa haka ba, in furar ta sha rana. Abin da ban sani ba shi ne Inna ba ta taɓa yarda da ni ɗari bisa ɗari ba, kuma wannan rashin yardar shi ya cece ni. Tun da sassafe ta sa aka haƙa rami a gindin ɗorawa, aka binne tulunan ruwa da ƙwaryar nono a cikin jiƙaƙƙen yashi, aka rufe da ganye, amaryata tana yayyafa ruwa a kai a kai. Ta yi haka ne don in na dawo hannu wofi a sami abin rage kunya. Saboda haka damun ya riga ya yi sanyin randa mai kyau, ɗan turi kawai yake jira.

Inna ta karɓe ƙanƙarar daga hannuna kamar ta saba, ta ɗauraye ƙaiƙayin da sauri, ta sa ƙeyar fartanya ta farfasa ta, ta watsa a babbar ƙwarya, ta juya da ludayi. Ƙarar da gutsattsarin ke yi a jikin ƙwaryar nan, har yau ban ji kiɗan da ya kai ta daɗi ba. Ta cika ludayi ta miƙa wa sarkin gayya.

Mutumin nan ya yi rabin yini yana noma a rana. Ya yi bisimilla ya kafa kai ya shanye a tashi ɗaya, abin da ko a birni ba a yi. Sai ya tsaya cak. Ya runtse ido, ya dafe goshi, ya buɗe baki yana fitar da iska. Muka zuba masa ido, har na fara tunanin inda zan gudu in ya faɗi.

Can ya buɗe ido, da ƙwalla a ciki, ya ce a hankali, "Inna, haƙorana suna nan kuwa?"

"Suna nan, ɗana."

"To ƙaro rabi." Ya juya wajen samarin. "Ludayi ɗaiɗai, kada wanda ya yi biyu sai ta zagaya. Wanda ya sha ya koma kuyyarsa."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Ƙarti majiya ƙarfi suna shan ludayi guda suna tsalle kamar 'yan maruƙa. Wani ya sami ɗan gutsure ya ɓoye a kunci, ya kasa magana, ya kasa tofarwa, hawaye na zuba yana murmushi. Wani ya ce shi a bar masa nasa a tafin hannu zai kai wa mahaifiyarsa, kafin ya kai bakin gona ya dawo yana lasar hannu. Mai ganga ya sha nasa, ya juya kiɗa nan take, sunan da ya shirya zai rera da zambo ya koma kirari. Suka afka wa ragowar gonar nan kamar ciyawar ta zage su. Ƙura ta tashi a tsakiyar damina.

Taubashina yana tsaye shi kaɗai a bakin hanya, ba gayya. Inna ta kankare ƙasan ƙwaryar, inda sanyin ya fi taruwa, ta miƙa masa.

"Karɓi, ɗan ƙanena. Kai ma ai gida ne."

Ya ce shi ba ya shan abin bayi. Sannan ya karɓa. Ya sha, ya dubi sama. Sai ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya ɗauki fartanyata.

"Ba don kai ba," ya ce da ni. "Don kada a ce bawana ya mutu da yunwa ina gari." Ya kuma aika gida aka ɗauko tukwanen bunsurun gaba ɗaya, tunda an riga an dafa kuma ba mai ci a can. Haka aka ci naman taubashina a gonata, a ƙarƙashin ɗorawata, ana yi mini godiya. In akwai daɗin da ya fi wannan a duniya, ba a ba ni labarinsa ba.

Kafin la'asar sakaliya an gama gonar har iyaka. Mako na zagayowa aka yi tasa, ni ne a kuyyar farko, ƙafa ta warke. A kakar shekarar sai da na yi wa rumbuna ƙarin baki. Rigar angonci dai ba ta sake komawa daidai ba, in na sa ta sai in yini ina susa.

Yanzu a garinmu akwai shaguna masu firiza ta sola, ƙanƙara kuwa yara ake aikawa su sayo kamar gishiri. 'Yan ƙwadago in za ka ɗauke su, kafin su tambayi girman gona sai sun tambaya ko akwai mai sanyi. Da azumi in ba ta a gida, sai ka ga an yi buɗa-baki ana harare-harare kamar an yi rashi. Ina cikin masu yi wa yara faɗa a kan haka, har bazarar da ta wuce, da firizar unguwarmu ta lalace na yini guda. Maiɗakina ta kawo mini ruwan randa a kofi. Na kurɓa na ture, na ce wannan ai ruwan wanka ne, yaya ake so mutum ya rayu a haka. Inna, wadda yanzu sai an kama ta take tashi, tana kan tabarma tana ji. Ta miƙo hannu ta ɗauki kofin, ta shanye, ta yi hamdala, ta ajiye shi a gabana.

Abin da na koya shi ne, jin daɗi ba ya sallama in zai zama dole. Yau kana gudu ba riga don ka same shi, gobe kana fushi don an yi jinkirin kawo maka. Ba na cewa a koma baya, ni ne farkon wanda zai ƙi. Amma yanzu duk lokacin da aka miƙo mini abu mai sanyi, ba na kafa kai nan da nan. Nakan riƙe kofin tukuna, har sanyin ya ratsa tafin hannuna, in gode wa Allah da gaske, sannan in sha.